Darasi na Takwas: Mai Iko da Iska, Mai Iko da Mayaƙa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya ba da labaran da ke ciki da bakinsa, ya faɗi inda kowanne ya faru, ya kuma bayyana abin da suke koyarwa game da ikon Allah a kan halitta da kuma a kan maƙiya. Wuraren karatu su ne Fitowa sura 9 zuwa 14, Littafin Mahukunta sura 4 da 5, Sarakuna na Biyu sura 18 da 19, Markus sura 4, da Littafin Yunusa.

Abu biyu masu hana barci

Ƙasar da yawancin labaran Littafi Mai Tsarki suka faru a cikinta 'yar siririya ce, teku a yamma, hamada a gabas. Ba ta da babban kogi irin Nilu da za a dogara da shi, don haka manominta sama yake kallo. Daminarsu tana zuwa ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, kuma idan ta yi gardama shekara biyu a jere, sai yunwa. Ga shi kuma ƙasar tana kan hanyar da ta haɗa Masar da manyan daulolin gabas. Duk sarkin da ya ɗaura yaƙi daga wannan gefe zuwa wancan, ta cikin gonakinsu zai bi. Fari da mayaƙa, su ne abu biyu da suka fi hana mutanen barci.

Maƙwabtansu sun raba wa gumaka aiki. Kan'aniyawa suna roƙon ruwa a wurin Ba'al, wanda suke ɗauka shi ne mai hadari da tsawa. Allunan yumɓu da aka fara tonowa a 1929 a Ras Shamra, a ƙasar Siriya, cike suke da labarinsa. Fadawan wani sarkin Suriya ma sun taɓa gaya wa ubangidansu cewa Allahn Isra'ila na tuddai ne kawai, in aka jawo su fili za a ci su da yaƙi. Aka jawo su filin, amma Suriyawa ne suka sha kashi. Littafi Mai Tsarki ya tsaya a kan magana ɗaya: wanda ya halicci iska da ruwa shi ne kuma yake riƙe da sarakuna da rundunarsu. A labaran da ke tafe, sau da yawa abu na farko ne yake zama maganin na biyu.

Ƙanƙara, fara da iskar gabas

Labarin Musa da Fir'auna ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, Kirista da Musulmi duk sun tashi da jin sa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda Littafin Fitowa ya ba da shi da idon manomi. Da ƙanƙara ta sauka, annoba ta bakwai ke nan cikin goma, marubucin ya tsaya ya lissafa ɓarnar gona. Sha'ir ya riga ya fid da kai, ramar da ake saƙa lilin da ita ta yi fure, saboda haka duk suka kwanta. Alkama kuwa ta tsira, domin ita tana nuna a makare. Ya kuma ce wasu fadawan Fir'auna da suka ji gargaɗi suka kora bayinsu da dabbobinsu cikin gida sun tsira da dukiyarsu, waɗanda suka yi kunnen uwar shegu suka yi asara.

Abin da ƙanƙara ta bari, fara ta zo ta cinye. Iskar gabas ta yi ta busawa yini guda da dare guda, gari na wayewa sai ga fara ta rufe ƙasa. Da Fir'auna ya roƙi sassauci, iska ta juyo daga yamma da ƙarfi ta kwashe ta zuwa teku. Duk wanda ya taɓa ganin fara ta sauka a gonar gero ya san cewa ba mashi ba kibiya da za su kore ta. Masarawa suna girmama kogin Nilu da rana a matsayin alloli, sai ga kogin ya zama jini, ranar kuma ta ɓace kwana uku. Shi ya sa Fitowa sura 12 ta kira annoban hukunci a kan allolin Masar.

Bayan Fir'auna ya sallami Isra'ilawa, sai aka zo bakin ruwa. Isra'ilawa sun sauka a wani wuri da ake kira Fi-hahirot, a gefen tekun da Ibraniyawa suke kira Yam Suf, wato tekun iwa, wanda fassarori da yawa suka mai da shi Bahar Maliya. Fir'auna ya sake shawara, ya biyo su da zaɓaɓɓun karusai 600, ban da sauran. Karusar Masar ba ta da nauyi: katako ne da fata, dawaki biyu ke jan ta, mutum biyu a kai, ɗaya na tuƙi ɗaya na harbi. An sami irinta guda shida a kabarin sarki Tutankamun da aka gano a 1922. A fili mai tauri, mai tafiya a ƙasa ba shi da ta cewa a gabanta.

Gaba kura, baya sayaki. Cikin jama'a ya ɗuri ruwa, suka dira a kan Musa da baƙar magana, suna tambayarsa ko kaburbura ne suka ƙare a Masar. Musa ya ce su tsaya su yi shiru, yaƙin ba nasu ba ne. Iskar gabas ɗin nan dai ita ce ta dawo, ta busa dukan dare har ruwa ya rabu, jama'a suka haye. Da karusai suka biyo sahu, ƙafafunsu suka kafe, tafiya ta gagara. Kafin gari ya waye sarai ruwa ya koma mazauninsa. Babu Ba'isra'ile ɗaya da aka ce ya zare takobi a wannan dare.

Karusai 900 a cikin taɓo

Labari na biyu ya faru a arewacin ƙasar, a zamanin mahukunta. Yabin sarkin Hazor ya danne Isra'ilawa shekara 20. Ƙarfinsa yana hannun sarkin yaƙinsa Sisera, mai karusan ƙarfe 900. Abin ya kai har matafiya sun daina bin manyan hanyoyi, sai ratse ta cikin daji. Mai shari'a a lokacin mace ce, annabiya Debora, wadda take zama a gindin wani itacen dabino tsakanin Rama da Betel tana sauraron ƙararraki. Ita ta aika a kira Barak, ta ce ya tara mutum 10,000 daga kabilun Naftali da Zabaluna ya hau Dutsen Tabor. Barak ya ce ba inda za shi sai da ita. Ta yarda, amma ta gaya masa cewa darajar ranar a hannun mace za ta faɗa.

Sisera ya jera karusansa a kwarin da kogin Kishon ya ratsa. Da rani Kishon bai fi rafi ba a wurare da yawa, ƙasar kwarin kuma baƙa ce mai danƙo, irin ta fadama. Sura ta 4 ta ce Ubangiji ya rikita rundunar Sisera. Sura ta 5, wadda waƙar nasara ce, ita ta bayyana yadda aka yi: gizagizai sun zubo ruwa, kogi ya cika ya yi gaba da mayaƙa. Wanda ya taɓa ganin babbar mota ta kafe a laka da damina zai gane abin da ya sami karusar ƙarfe. Nauyin da ya sa ake tsoronta shi ne ya binne ta. Sisera da kansa ya diro, ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ya faɗa tantin Yayel, matar Eber Bakene, ya roƙi ruwa, ta ba shi madara ta lulluɓe shi. Da barci ya kwashe shi ta ɗauki turken tanti da guduma ta gama da shi. Ƙasa ta huta shekara 40. A nan, ba kamar a bakin teku ba, mutane sun fito sun yi yaƙi, kuma waƙar ta yaba wa kabilun da suka amsa kira, ta zargi waɗanda suka zauna wurin garkunansu. Amma ruwan da ya raba gardamar ba Barak ne ya kawo shi ba.

Sarkin da ya haƙa rami ya kuma yi addu'a

Labari na uku yana da wata daraja ta musamman, domin abokin gaban ma ya bar nasa rubutun. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa ƙasar Yahuza. Assuriya ce daular da ta fi kowace ƙarfi a lokacin, ita ce ta riga ta share mulkin Isra'ila na arewa shekara 20 da ɗoriya kafin nan. A wani tubalin yumɓu mai kusurwa shida da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, Sennakerib ya yi alfaharin cewa ya ci garuruwa masu ganuwa 46 na Yahuza, ya kuma kulle sarki Hezekiya a Urushalima kamar yadda ake kulle tsuntsu. A bangon fadarsa da ke Nineba ya sa an sassaƙa yadda ya ci birnin Lakish: ga sojoji suna hawa tudun ƙasa da suka tara a jikin ganuwa, ga mata da yara suna fita da ƙunshin kaya. Waɗannan sassaƙe-sassaƙe ma suna Landan yau.

Hezekiya bai naɗe hannu ba. Ya gyara ganuwa, ya tara makamai, ya toshe maɓuɓɓugan da ke bayan gari don kada abokan gaba su sami ruwan sha. Babban aikinsa shi ne ramin da aka fafe cikin dutse, tsawon mita 533, wanda ya ɗauko ruwa daga maɓuɓɓugar Gihon ya shigo da shi tafkin Siluwam a cikin birni. A 1880 aka ga wani rubutun Ibrananci a jikin bangon ramin, yana ba da labarin yadda mahaƙa suka taso daga gefe biyu, suna jin muryar juna ta cikin dutse, har suka haɗu a tsakiya. Rubutun yana Istanbul yanzu, ruwa kuwa har yau yana bin ramin, baƙi suna shiga su ratsa shi da ƙafa. Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma Hezekiya ya tashi. Ya ma biya gandu mai nauyi, har ya ɓamɓare zinariyar ƙofofin Haikali. Littafi Mai Tsarki da tubalin Sennakerib sun yi daidai a kan talanti 30 na zinariya, sun saɓa a kan azurfa: ɗaya ya ce 300, ɗayan ya ce 800.

Duk da haka Assuriyawa suka zo bakin ganuwa. Jakadansu, mai sarautar Rabshake, ya tsaya ya ɗaga murya da harshen Yahudanci. Fadawan Hezekiya suka roƙe shi ya yi magana da Aramiyanci, harshen da jakadu ke amfani da shi, don kada talakawan da ke kan ganuwa su ji. Ya ƙi, domin su yake so su ji. Ya lissafa musu garuruwan da allolinsu suka kasa cece su, ya tambaye su me ya bambanta nasu Allahn. Jama'a ba su ce uffan ba, haka sarki ya umarta. Da wasiƙar barazana ta biyo baya, Hezekiya ya ɗauke ta ya hau Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji ya yi addu'a. Annabi Ishaya ya aiko masa da amsa cewa ko kibiya ɗaya ba za a harba cikin birnin ba.

Sarakuna na Biyu ya ce a dare ɗaya mala'ikan Ubangiji ya kashe mutum 185,000 a sansanin Assuriyawa. Masu binciken tarihi da dama suna ganin annoba ce ta faɗa wa rundunar, kuma marubucin Girka Herodotus ya adana wani labari na Masarawa cewa ɓeraye ne suka cinye tsirkiyar bakan sojojin Sennakerib. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne wannan: sarkin da ya ƙawata fadarsa da cin Lakish bai taɓa cewa ya ci Urushalima ba. Ya koma Nineba, kuma a 681 'ya'yansa suka kashe shi.

Barci a ƙarshen jirgi

Labari na huɗu ya faru a Tekun Galili, wanda tafki ne mai ruwan daɗi, tsawonsa kilomita 21, faɗinsa wajen 13. Yana cikin kwari, fiye da mita 200 ƙasa da fuskar babban teku, tuddai sun kewaye shi. Idan iska mai sanyi ta gangaro ta kwazazzabai ta haɗu da zafin da ke kan ruwa, cikin ɗan lokaci tafkin yakan hautsine. A 1986, da fari ya sa ruwan ya ja baya, aka ga wani tsohon jirgin masunta a cikin laka, na wajen zamanin Yesu. Tsawonsa mita 8 da 'yan kai, faɗinsa bai kai mita 2 da rabi ba, gefensa kuma gajere ne don a ji daɗin jawo taru. Irin wannan jirgi, raƙuman ruwa ba sa shan wahalar shiga cikinsa.

Markus ya ce da yamma ne Yesu ya ce wa almajiransa su haye zuwa wancan gefe. Cikinsu akwai Bitrus da Andarawas da Yakubu da Yohanna, masunta ne da suka girma a bakin wannan ruwa. Idan irinsu suka firgita, to abin ya kai. Ruwa na cika jirgi, Yesu kuwa yana can ƙarshen jirgin yana barci a kan matashi. Suka tashe shi da kuka da ƙorafi, suna ganin bai damu da halakarsu ba. Ya tashi ya tsawata wa iska, ya umarci ruwa ya kwanta, wuri ya yi tsit.

Marubucin ya ce babban tsoro ya kama su bayan nan. Yahudawa ne da suka tashi da labarin Musa da waƙoƙin Zabura, sun san cewa mai tsawata wa teku ɗaya ne. Shi ya sa suka shiga tambayar juna ko wane ne wannan da ke cikin jirginsu.

Ikon yana hannun wa?

A nan ne mai karatu ya kamata ya natsu, domin an sha karanta waɗannan labarai a karkace. Wanda yake da abokin gaba a kasuwa ko a kan iyakar gona yakan so ya ɗauki kansa Musa, ya ɗauki ɗan'uwansa Fir'auna. Littafi Mai Tsarki bai bar wannan ƙofa a buɗe ba.

Nineba, birnin Sennakerib, ita ce aka aiki annabi Yunusa ya yi mata gargaɗi. Ya ƙi, ya shiga jirgi ya nufi wata nahiya, domin ba ya so a gafarta wa maƙiyan ƙasarsa. Sai halitta duka ta shiga aikin. Hadari ya tare jirgin, babban kifi ya haɗiye shi ya kai shi gaɓa. Da mutanen Nineba suka tuba aka fasa hallaka su, Yunusa ya fita bayan gari yana fushi. Allah ya tsirar masa da wani tsiro ya yi masa inuwa, washegari ya aiko tsutsa ta cinye shi, ya kuma aiko da iskar gabas mai zafi har annabin ya nemi mutuwa. Iskar da ta buɗe teku don Isra'ila, yau ga ta tana horon annabin Isra'ila saboda maƙiyansa. Littafin ya rufe da Allah yana tuna masa cewa a birnin akwai mutum fiye da 120,000, ga kuma dabbobi masu yawa.

Annabi Elisha ma, da aka makantar da sojojin Suriya da suka zo kama shi, ya ja su har cikin Samariya. Sarkin Isra'ila ya nemi izinin kashe su, Elisha ya ce a ba su abinci da ruwa a sallame su. Hare-haren suka tsaya.

Yesu ya ɗora a kan wannan. Luka ya ba da labarin wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi saukar da shi. Yakubu da Yohanna, waɗanda suka ga iska ta yi masa biyayya, suka nemi izini su kira wuta daga sama. Ya juya ya tsawata musu kamar yadda ya tsawata wa iskar, suka wuce wani ƙauye. A daren da aka kama shi, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Yesu ya ce ya mai da takobin kube, ya kuma tuna masa cewa da yana so da rundunonin mala'iku sun sauko. Ya taɓa kunnen ya warkar. A koyarwarsa ta kan dutse ya kafa hujjar ƙaunar maƙiyi da rana da ruwan sama, waɗanda Allah yake bai wa mugu da nagari ba tare da ya raba gonakinsu ba. Manzo Bulus, a Romawa sura 12, ya hana masu bi ɗaukar fansa, ya ce su bar wa Allah hukunci, su ciyar da maƙiyi idan yana jin yunwa.

Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, masu bi suke karanta waɗannan surori da harshensu, sau da yawa a lokacin fari ko ambaliya ko tashin hankali. Abin da aka nema daga mutanen da ke cikin labaran ya bambanta: a bakin teku an ce su yi shiru su haye, a Tabor an ce su sauko su fuskanci karusai, a Urushalima sarki ya haƙa rami ya kuma shimfiɗa wasiƙa a Haikali, a Samariya an ce a dafa wa maƙiya abinci.

Sababbin kalmomi

Karusa: keken yaƙi mai ƙafa biyu da dawaki ke ja.
Gandu: harajin da ƙaramin sarki yake biyan wanda ya fi shi ƙarfi.
Talanti: ma'aunin nauyi na dā, wajen kilo 30.
Rabshake: sarautar wani babban bafade a Assuriya.
Maɓuɓɓuga: inda ruwa yake ɓullowa daga ƙasa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne suka fi tayar wa mutanen ƙasar da labaran suka faru a cikinta hankali, kuma me ya sa?
2. Me ya sa ƙanƙara ta lalata sha'ir ta bar alkama?
3. Ta yaya ruwan sama ya karya ƙarfin Sisera?
4. A faɗi abu uku da Hezekiya ya yi kafin Assuriyawa su iso, da abu ɗaya da ya yi bayan ya karɓi wasiƙa.
5. A ina rubutun Sennakerib ya yi daidai da Littafi Mai Tsarki, a ina suka saɓa?
6. Me ya sa babban tsoro ya kama almajirai bayan ruwa ya kwanta?
7. Sau nawa iskar gabas ta fito a wannan darasi, kuma wane aiki ta yi kowane karo?

Aikin aji

A rabu rukuni huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi labari ɗaya, mutum ɗaya ya karanta surar da ƙarfi, wani ya maimaita ta ba tare da duba littafi ba. Daga nan kowane ɗalibi ya rubuta jimla biyar a kan abin da Elisha ya ce a yi wa sojojin Suriya da abin da ya biyo baya, ya kawo wa malami a zama na gaba.